Ƙoƙon Kai: Ƙwaryar Da Ba Ta Da Gyartai A Kasuwa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sauke kaya a Kilomita 5, babbar unguwar ciniki ta birnin Bangi a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, wadda wasu ke kira PK5, ya san cewa babur ne ƙafar kasuwar. Daga gadar Yakite zuwa bakin babban masallaci, babur ke ɗauko mai shago da safe, shi ke kai yaron shago karɓo bashi, shi ke ɗaukar buhun sukari da katan ɗin sabulu, shi kuma ke kai matar aure da goyonta awo. Abin da ido bai cika gani a kan waɗannan mahaya ba shi ne hular kwano. Haka abin yake a Illela da Ƙonni, da Jibiya, da Maigatari, da Mubi, da Garwa-Bulai.

Mu da ke karanta sanarwar rasuwa a gidajen rediyon al'umma, akwai wani bayani da kunnenmu ya saba da shi: wane ya faɗi a babur, ya tashi da ƙafarsa, ya karkaɗe riga, har ya koma shago ya yi ciniki, da dare kuma sai aka ji ya cika. Jama'a kan ce kwana ne ya ƙare. Babu mai musun haka, amma kowane ajali da sababinsa, shi kuwa wannan sababin likitoci sun san shi sarai, kuma sau da yawa ana iya tare shi idan an kai mutum asibiti da wuri. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu ɗan ajiye batun farashin kaya da kuɗin fito, mu duba yadda aka gina ƙoƙon kan ɗan Adam, inda yake da ƙarfi, inda yake da rauni, da abin da ya kamata a yi ranar da ya bugu.

Ƙasusuwa 22 a wuri guda

Bahaushe da ya kira shi ƙoƙon kai ya lura da siffarsa ne, domin ya yi kama da ƙoƙon da aka kife. Sai dai kuma ƙoƙon duma abu ɗaya ne, shi kuwa na kai haɗi ne. Cikin ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi, 22 suna cikin ƙoƙon kai: 8 sun kewaye ƙwaƙwalwa, 14 kuma su ne suka gina fuska. Idan aka ƙara da ƙananan ƙasusuwa 6 na cikin kunne, 3 a kowane ɓangare, da wani guda da ke rataye a ƙarƙashin harshe, lissafin ya kai 29.

Mai karatu na iya bin waɗannan 8 na farko da hannunsa. Ɗora tafin hannu a goshi, wannan ƙashin goshi ne, guda ɗaya, kuma shi ne ya yi wa idanu rumfa daga sama. Matsa zuwa tsakar kai inda gammo ke zama, nan akwai faffaɗan ƙasusuwa 2, dama da hagu, waɗanda suka haɗu a tsakiya suka zama rufin ɗaki. Gangara baya, za ka taɓa ƙashin ƙeya, shi ma guda ɗaya. A ƙasansa akwai babbar ƙofa wadda ta cikinta ƙwaƙwalwa ke haɗuwa da laka, ita kuma lakar ta bi ta cikin ƙashin baya. A kan wannan ƙashin ƙeya ne kai ya zauna bisa na farko daga cikin ƙasusuwan wuya 7, kuma ta nan ne nauyin duk kayan da ɗan dako ya ɗora a ka yake sauka. Sai ka dawo gefen kunnuwa, inda ake da ƙasusuwa 2, ɗaya a kowane gefe. A cikinsu aka ɓoye kayan ji da kuma abin da ke riƙe wa mutum daidaito don kada ya riƙa tangaɗi. Ƙashin da ya fi kowanne ƙanƙanta a jikin mutum yana nan ciki, tsawonsa wajen milimita 3, siffarsa kamar likkafar sirdi.

Sauran 2 hannu bai cika kai musu ba. Ɗaya yana shimfiɗe a ƙasan ƙwaƙwalwa, da fukafukai kamar jemage, yana taɓa duk sauran ƙasusuwa 7 yana riƙe su. Ɗayan kuma yana tsakanin idanu, a saman kogon hanci, mara nauyi, da ƙananan huji kamar rariya, waɗanda ta cikinsu jijiyoyin jin ƙamshi ke hawa zuwa ƙwaƙwalwa. A riƙe wannan na rariya a zuci, za mu dawo kansa.

Inda waɗannan ƙasusuwa suka haɗu, bakunansu sun shiga juna kamar haƙoran zarto. Wanda ya taɓa ganin ƙwaryar da gyartai ya ɗinke zai gane siffar nan take, likitoci ma ɗinki suke kiran wurin. Akwai ɗinkin da ya ratsa kai daga gefe zuwa gefe a bayan goshi, da wanda ya bi tsakar kai daga gaba zuwa baya, da wanda ya raba ƙeya da rufin kai. Shi kansa ƙashin rufin hawa 3 ne: ɓawo mai tauri a waje, wani a ciki, sai ɓargo mai kama da soso a tsakani. Kaurinsa duka bai wuce milimita 6 zuwa 7 ba ga yawancin manya. Wannan ɓargon yana cikin masu ƙera jini, shi ya sa wasu yara masu ciwon sikila, da jikinsu ke ta faman ƙera sabon jini, ake ganin goshinsu ya ɗan turo.

A ƙarƙashin ƙashin akwai tantani hawa 3 da wani ruwa garai-garai wanda ƙwaƙwalwa ke iyo a cikinsa. Ita ƙwaƙwalwar, nauyinta wajen kilo 1.3 zuwa 1.4 ne, kuma laushinta bai fi na awara ba. Lissafin riba da faɗuwa, da haddar da aka yi a makarantar allo, da sanin fuskar abokin ciniki, duk a cikin wannan abu mai laushi suke.

Ƙasusuwan fuska

Cikin 14 na fuska, 12 bibbiyu suke, 2 kuma tilo. Akwai muƙamuƙin sama 2 da ke riƙe da haƙoran sama, da ƙasusuwan kunci 2 da suka turo a ƙarƙashin ido, da 2 na karan hanci, da 2 ƙanana a lungun ido inda hawaye ke bi ya sauka cikin hanci, da 2 a can bayan ganɗa, da wasu 2 naɗaɗɗu a cikin hanci masu ɗumama iska da jiƙa ta kafin ta isa huhu. Tilo na farko shi ne siririn ƙashin da ke cikin katangar da ta raba kafofin hanci. Tilo na biyu shi ne muƙamuƙin ƙasa, wanda ya fi duk ƙasusuwan fuska girma da ƙarfi, kuma cikin 22 ɗin nan shi kaɗai ne ke motsi. Da shi ake tauna, da shi ake taya kaya. Shi da na sama ne ke ɗauke da haƙora 32 na baligi.

Wasu daga cikin ƙasusuwan kai suna da kogo mai iska a cikinsu, a goshi da gefen hanci. Waɗannan koguna suna rage wa kai nauyi. Su ne kuma ke toshewa lokacin mura da ƙurar hunturu, mutum ya ji goshi da kumatu sun yi masa nauyi, musamman idan ya sunkuya.

Masu kallon ƙwallo sun ga abin da karayar fuska ke nufi. A watan Nuwamban 2021, Victor Osimhen, yana buga wa Napoli, ya yi karo da wani ɗan wasan Inter Milan, ƙashin kuncinsa da na kwarmin idonsa suka karye. Sai da likitoci suka sa masa faranta 6 da kusoshi 18 kafin fuskar ta koma daidai, kuma tun daga nan aka san shi da takunkumin fuska. Kafin shi, a watan Oktoban 2006, mai tsaron gidan Chelsea, Petr Cech, ya samu karayar da ta lotsa ƙoƙon kansa a wasansu da Reading, aka yi masa tiyata, ya ƙarasa shekarun wasansa da hular kariya. Waɗannan mutane ne da likita ke tsaye a bakin fili yana jiransu, kuma gudun ƙafa ne ya haɗa su da abin da ya same su. Sai a kwatanta da mai gudun kilomita 60 a kan babur, kansa ba komai sai hular saƙi.

Malamanmu sun riga mu dubawa

Kada wani ya ɗauka wannan ilimi baƙo ne a wurinmu. Wanda ya yi karatun Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996 Miladiyya, ya wuce ta babin da aka rarraba raunukan kai gwargwadon zurfinsu. Raunin da ya yanke fata da nama har ƙashi ya bayyana sunansa muliha, diyyarsa raƙuma 5. Wanda ya fasa ƙashin har ɓarɓashinsa ya gusa, amma bai kai ga ƙwaƙwalwa ba, shi ne munaƙƙila, raƙuma 15. Wanda ya ratsa ya kai ga ƙwaƙwalwa shi ne ma'amuma, kuma hukuncinsa sulusin cikakkiyar diyya ne, wadda take raƙuma 100. Malaman fiƙihu ke nan sun jera hawa-hawan kai kamar yadda likita ke jera su a yau, fata, ƙashi, sannan abin da ke ciki, suka kuma nuna cewa kowane taki da rauni ya ƙara zuwa ciki, haɗarinsa ninkuwa yake.

A Andalus, likita Abul Ƙasim Azzaharawi, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya ware kashi na ƙarshe na littafinsa Attasrif mai kashi 30 ga aikin tiyata. A ciki ya bayyana ire-iren karayar ƙoƙon kai, ya kuma zana kayan aikin huda ƙashi masu wani ɗan tudu da ke hana su nutsewa su taɓa ƙwaƙwalwa.

Akwai kuma labarin Abdullaɗif Albagadadi. Fiye da shekara 1,000 likitoci suna karantar da maganar Jalinusu, babban likitan zamanin Rumawa, cewa muƙamuƙin ƙasa ƙasusuwa 2 ne da suka haɗu a haɓa. Da aka yi wata muguwar yunwa a Masar wajen shekarar 1200, gawarwaki suka taru a wani tudu kusa da Alƙahira, Albagadadi ya je da kansa ya duba kawuna fiye da 2,000, ya tarar ƙashi ɗaya ne, ya kuma rubuta haka. Sai a shekarar 1543 likitan Turai Andreas Vesalius ya zo da irin wannan gyara. Gani ya kori ji. Abin sha'awa, a jikin jariri muƙamuƙin a rabe yake gida 2, yana girma ne ya haɗe ya zama ɗaya.

Madiga da abin da take faɗa wa uwa

Jariri ba ya zuwa duniya da ƙoƙon da ya gama haɗuwa. Ƙasusuwan kansa a sake suke, tantani mai ƙarfi ne ke riƙe da su, domin su iya ɗan hawa kan juna lokacin haihuwa kai ya samu hanyar fita. Shi ya sa wani jaririn kan fito da kai a ɗan zunɗume, bayan 'yan kwanaki ya koma daidai ba tare da an matsa shi ba. Dalili na biyu shi ne girma. Ƙwaƙwalwar jariri tana da nauyin giram 350 zuwa 400 ranar haihuwa, kafin ya shekara ta ninka haka fiye da sau 2. Kewayen kansa kan tashi daga wajen santimita 35 zuwa wajen 46 a cikin shekarar farko. Da ƙoƙon a rufe yake, da ba ta samu wurin girma ba. Wannan ne ma dalilin da ya sa ma'aikatan awo ke zagaya kan yaro da tef.

Wuraren da ƙasusuwan ba su kai ga haɗuwa ba su ne madiga. Guda 6 ne, amma 2 aka fi sani. Ta baya ƙarama ce, takan rufe cikin wata 2 zuwa 3. Ta gaba, wadda ake ganin tana bal-bal, takan rufe tsakanin wata 12 zuwa 18, wani yaron har ya kusa shekara 2. Bugawar da take yi bugun jini ne, lafiya ce, kuma wanke kai ko shafa shi a hankali ba ya cutar da ita.

Inda gizo ke saƙa shi ne idan madiga ta faɗa. A gidaje da yawa, daga Yakite har Katsina, za ka ji tsofaffi na cewa ciwon madiga ne ya kama yaro, shi ya jawo gudawa da amai, sai a kwaɓa magani a lafta a tsakar kai, wasu ma har su sa yatsa su tura ganɗar yaro sama wai don madigar ta taso. Lissafin a juye yake. Gudawar ce ta fara, ta zuƙe ruwan jikin yaro, madiga kuma ta lotsa saboda ruwan ya ragu, kamar yadda salka ke motsewa idan ruwanta ya ƙare. Abin da aka shafa a waje ba ya mayar da ruwan da ya fita. Maganin shi ne a ci gaba da ba da nono, a dama ƙullin gishiri da sukari na asibiti guda a cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. In babu ƙullin, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a lita 1. Idan yaro ya ƙi karɓa, ko idanunsa sun faɗa, ko fitsari ya ɗauke, to a nufi asibiti a ranar.

Idan kuma madigar ta kumbura ta yi tauri alhali yaro ba kuka yake ba, ga zazzaɓi, ga ƙin nono, wannan na iya zama sanƙarau, wato ciwon tantanin da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa. Wanda ya ga annobar 1996, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya ta kashe fiye da 11,000, ba ya bukatar a gaya masa cewa wannan ciwo ba ya jiran gari ya waye. Haka nan yaron da kansa ke ta girma fiye da kima, madiga a buɗe, yana bukatar likita ya gan shi, domin ruwa na iya taruwa a cikin kai.

Inda ƙoƙon ya fi rauni

Mai karatu ya ɗora yatsa a gefen kansa, tsakanin wutsiyar ido da saman kunne, ya tauna, zai ji nama na motsi. A ƙarƙashin wannan naman ƙasusuwa 4 ne suka haɗu, na goshi, na rufi, na kunne da fiffiken mai kama da jemage. Kaurin ƙashin a nan kusan rabin na tsakar kai ne. Ta cikinsa kuma, manne da ƙashin, wata jijiyar jini ta bi. Idan aka bugu a nan, ko da bakin kwalbati, ko ƙarfen mota, ko gora, ƙashin na iya tsagewa ya yanke jijiyar, jini ya fara taruwa tsakanin ƙashi da tantani.

A nan ne ƙarfin ƙoƙon kai ke zame masa illa. Idan hannu ya bugu, yana da wurin kumbura. Ƙoƙon baligi kuwa akwati ne rufaffe, ba ya buɗewa ko kaɗan. Duk jinin da ya taru a ciki, wurin ƙwaƙwalwa yake ci. Da farko mutum na iya suma na ɗan lokaci ya farfaɗo, ya yi magana, ya ce ba komai. Jinin na nan na ƙaruwa. Bayan awa 2, ko 4, ko 6, sai ciwon kai ya tsananta, amai ya zo, barci mai nauyi ya kama shi, baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya faɗi, gefe ɗaya na jiki ya saki. Idan matsin ya kai ga tushen ƙwaƙwalwa, wurin da ke tafiyar da numfashi, shi ke nan. Wannan shi ne bayanin mutumin da ya faɗi da hantsi, ya yi ciniki da azahar, aka yi jana'izarsa washegari. Da likitan tiyata ya same shi da wuri, ya buɗe ƙashin ya kwashe jinin ya ɗaure jijiyar, da yawa irinsa suna tashi garau.

Akwai kuma mai tafiyar hawainiya, wanda ya fi kama dattawa. Ƙananan jijiyoyi ne ke tsinkewa, jini na ɗiga a hankali, sai bayan makonni a ga Alhaji ya fara mantuwa, yana rikita lissafi, yana jan ƙafa, alhali kowa ya manta da ranar da ya bugi kai a ƙofar shago. Kafin a ce tsufa ne ko sammu, a gaya wa likita labarin buguwar.

Wuri na biyu mai haɗari shi ne ƙasan ƙoƙon, inda ƙwaƙwalwa ta zauna. Cike yake da kafofin da jijiyoyi ke bi, don haka yana da saurin tsagewa, kuma ido ba ya ganin tsagar. Alamunta su ne baƙi ya kewaye idanu biyu alhali ba a bugi idon ba, ko bayan kunne ya yi baƙi, ko jini ya fito ta kunne, ko wani ruwa fari kamar hawaye ya riƙa ɗiga ta hanci ko kunne. Wannan ruwan shi ne wanda ƙwaƙwalwa ke iyo a ciki, ya samu hanya ta ƙashin nan mai rariya ko ta ƙashin kunne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ta inda ruwan ya fito, ta nan ƙwayar cuta ke iya shiga ta haifar da sanƙarau.

Ranar da abin ya faru

Mu mutane ne masu gaggawar taimako, kuma a nan ne ake yawan ɓarna. Wanda ya bugi kai, a ɗauka wuyansa ma ya taɓu har sai likita ya ce a'a. Kada a finciko shi, kada a zaunar da shi, kada a girgiza shi don ya farfaɗo. Mutum ɗaya ya riƙe kan da hannu biyu daidai da jiki, a ɗora shi a kan wani abu shimfiɗaɗɗe mai tauri, ko da ƙyauren shago ne. In yana sanye da hular kwano a bar ta, sai fa idan ta hana shi numfashi. In amai ya zo, a juya shi gaba ɗaya a kan gefe, kai da jiki tare. Kada a ɗura wa wanda bai cikin hayyacinsa ruwa ko madara ko rubutu, domin huhu za su tafi. Raunin da ke jini a rufe shi da tsumma mai tsabta, amma in ƙashin ya lotsa kada a danna. Kunnen da ke zubar da jini ko ruwa kada a cusa masa auduga.

Wanda ya tashi da ƙafarsa kuma, kada a bar shi shi kaɗai tsawon kwana 2, kada ya tuƙa, kada ya hau babbar mota ya kama hanya. A guji ba shi asfirin, domin yana ƙara zubar jini, a guji taramol da maganin barci, domin suna ɓoye alamun da ake son gani. Suma ko da ta minti ɗaya ce, amai fiye da sau ɗaya, ciwon kai mai ƙaruwa, rikicewar magana, jijjiga, mantuwar abin da ya faru, ko wuyar tashi daga barci, kowanne ɗaya ya isa a tafi asibiti ko da tsakar dare ne.

Muna girmama maɗori da wanzami, kowa da fagensa. Amma ƙoƙon kai ba ya ɗoruwa da kara da tsumma, ƙaho kuma jinin fata yake ja, ba ya kai wa ga wanda ya taru a bayan ƙashi. Awannin da aka ɓata a can su ne likitan tiyata ke nema.

A Bangi akwai manyan asibitoci irin su Kominoter da Amitiye, da asibitin yara, kuma a shekarar 2017 ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe asibitin Sika domin tiyatar masu rauni. To amma tsakanin Bangi da Garwa-Bulai a iyakar Kamaru tafiyar wajen kilomita 600 ce, ta Bowali da Bosambele da Yaloke da Buwar, kuma mun san yadda 'yan uwanmu ke hawa can ƙololuwar kaya a kan manyan motoci su bi wannan hanya. Wanda ya faɗo daga nan a tsakiyar daji, tsakaninsa da ɗakin tiyata ya fi awannin da jinin zai ba shi.

Hular kwano

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna cewa haɗarin hanya na kashe mutum wajen miliyan 1.19 a shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a nahiyar Afirka ce kan gaba. Hukumar ta ce sanya hular kwano mai kyau yadda ya kamata na rage haɗarin mutuwa fiye da sau 6, yana kuma rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin 100.

Yadda take aiki ba wuyar ganewa. Ɓawonta mai tauri yana baza ƙarfin bugu ya watsu, maimakon ya taru a wuri ɗaya. Farin soson da ke ciki kuma yana murƙushewa, ya shanye ƙarfin, don kai ya tsaya a hankali, ƙwaƙwalwa ba ta daki bangon ƙashi daga ciki ba. Saboda haka hular da ba ta da wannan soso mai kauri hoto ce kawai. Wadda ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba takan riga mai ita isa ƙasa. Hular magina an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama, ba ta rufe gefen kai da ƙeya. Wadda aka taɓa faɗuwa da ita kuma ta gama aikinta ko da ba ta fashe ba.

Da yawa cikinmu na tuna abin da ya faru da dokar sanya hular kwano ta fara aiki a Nijeriya ranar 1 ga Janairun 2009. A Kano an kama 'yan acaɓa sun kife ƙwarya a ka, wasu har da fenti, don su wuce jami'an kiyaye haɗura, labarin ya zagaya duniya ana dariya. An kuma yi ta yaɗa cewa ana asiri da hular da ɗan acaɓa ke miƙa wa fasinja. Wasu sun yi kukan zafi, wasu tsada, wasu ƙyamar sa abin da wani ya cire, wasu kuma sun ce ina za a kai hula da rawani da ɗankwali. Ƙyamar tana da magani: wanda babur ne abin hawansa kullum ya mallaki tasa, ko ya shimfiɗa hankici a ciki. Zafi da tsada kuwa, sai a auna su da kuɗin jinya da kuma shagon da zai zauna a rufe. Masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, muna tuna musu cewa wanda ya tambaya ko ya saki raƙuminsa ya yi tawakkali, an umurce shi ne ya ɗaure shi tukuna.

Kira ga 'yan kasuwa

Mutanen Kilomita 5 sun ga tashin hankalin da ya fara a Disamban 2013, sun kuma ga na Disamban 2019, sun binne 'yan uwa, sun sake buɗe shagunansu. Abin takaici ne a ce wanda ya tsira daga waɗannan ya zo ya tafi a kan kwalta saboda rashin hula.

A wannan magana 'yan kasuwa ba 'yan kallo ba ne, domin mu ne ke shigo da baburan daga Duwala da Lome da Kwatano, mu ne kuma ke shigo da hulunan. Mai saro hular kwano ya juya ta ya duba cikinta, ya danna soson, ya ja igiyar, ya nemi tambarin inganci, irin harafin E a cikin da'ira da ake ɗinkawa a jikin igiyar hulunan da suka cika ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya. Wanda ya sayar da roba zalla da sunan hular kwano, ya sani da ran wani ya yi ciniki. Mai sayar da babur ya haɗa da hula 2 a cikin kuɗin. Alhajin da ya ba yaro babur yana kawo masa balas ya sa sanya hula cikin sharaɗi. Shugabannin kasuwa da na 'yan acaɓa kuma su ajiye lambar wayar direban da za a iya tasa da dare, su nemi ma'aikacin lafiya ya zo ya koya wa matasan tasha yadda ake ɗaga wanda ya bugi kai.

Su kuma iyayenmu mata, goyon da ke bayansu a kan babur ƙoƙon kansa bai gama haɗuwa ba, kuma shi ne a can ƙarshen kujera. In da hali a nemi mota ko a-daidaita-sahu, in babu a gaya wa ɗan acaɓa ya bi a hankali, ko da za a ƙara masa wani abu.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kiyaye mu a hanyoyinmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, amin.